TSABTAR ZUCIYA DA KAI BISHARA GA WAƊANDA BA SU BA DA GASKIYA BA

Jawabin Babban Baƙo Mai Jawabi a Sujadar Godiya ta Bikin Cikar Ikilisiya Shekara Hamsin, Kalgo, Jihar Kebbi

Wurin Karatu: Littafin Firistoci 25:8-12, 2 Sarakuna 5, Zabura 51:10-13





Ina godiya ga kwamitin shirya biki da ya ga ya dace a ba ni wannan dama. Akwai waɗanda suka fi ni shekaru da sani a zaune a nan, amma tun da an ɗora mini kayan, zan ɗauka da taimakon Allah. An roƙe ni in yi magana a kan tsabtar zuciya da kai bishara ga waɗanda ba su ba da gaskiya ba. Wani zai ce ai ranar murna ce, me ya kawo zancen binciken zuciya? Littafi Mai Tsarki da kansa zai ba mu amsa.

GABATARWA: RANAR DA AKE BUSA ƘAHO

Kalmar Jubili da muka rubuta a bangon wannan ɗan littafi daga Littafin Firistoci sura 25 muka samo ta. Allah ya umarci Isra'ilawa su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, wato 49, sa'an nan su keɓe ta hamsin. A cikinta bawa yakan koma gidansu, wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gādo kuma a mayar masa da ita. Da busar ƙaho ake sanar da wannan labari mai daɗi a dukan ƙasar.

Amma ku lura da ranar busar. Aya ta 9 ta nuna cewa ranar goma ga wata na bakwai ce, wato Ranar Kafara, ranar da babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki da jini saboda zunubin kansa da na jama'a. Sai an gama da zancen zunubi tukuna a ɗauki ƙaho. Haka Allah ya jera abin, kuma bai sāke jerin ba har yau. Dawuda a Zabura 51 ya fara roƙon Allah ya halitta masa zuciya mai tsabta a aya ta 10, sai a aya ta 13 ya yi alkawarin koya wa masu zunubi hanyar Allah. Annabi Ishaya ma, a sura 6, sai da garwashin wuta daga bagade ya taɓa leɓunansa kafin ya miƙa kansa a aike shi.

Saboda haka tambayar da nake so mu tafi da ita gida ita ce: shekara hamsin ke nan muna busa ƙaho a wannan gari, da wace irin zuciya muke busawa?

1. MENE NE TSABTAR ZUCIYA?

Mu mutanen ƙasar nan mun san tsabta. Muna zaune cikin jama'ar da ke wanke hannu da fuska da ƙafa sau da yawa kowace rana kafin su tsaya gaban Allah, mu ma ranar Lahadi kowa yakan fito da tufafinsa mafi kyau. Babu laifi a cikin wannan. Amma a Markus sura 7 Ubangijinmu ya koyar cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga cikinsa yake fitowa, ya kuma lissafta su: mugun tunani, fasikanci, sata, kisan kai, kwaɗayi, ha'inci, hassada, ɓata suna, girman kai. Sabulu ba ya kai wa nan.

Idan baƙo ya zo gidan Bahaushe, abin da ake fara ba shi ruwa ne. To, a ce ruwan randa garai yake, mai sanyi, amma moɗar da aka ɗebo da ita akwai tsohon kunu da ya bushe a cikinta. Baƙon zai karɓa don kunya, ya kai bakinsa kamar ya sha, ya ajiye. Ba zai gaya maka dalili ba, sai dai gobe in ƙishirwa ta kama shi, wani gida zai nufa. Bishara ruwan rai ce, ba ta da aibi ko kaɗan. Mu ne moɗar. Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a Matiyu 23 domin suna wanke bayan ƙwarya su bar cikinta.

Zuciya mai tsabta ita ce wadda ba ta rabu biyu ba. Abin da mutum yake a majami'a shi ne yake a kasuwa, shi ne kuma yake a ɗakinsa bayan an kashe fitila. Ba ina nufin mutumin da bai taɓa yin zunubi ba, gama in haka ne babu ko ɗaya a cikinmu da zai buɗe baki. Dawudan da ya rubuta Zabura 51 ya ɗauki matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin. Abin da ya bambanta shi da sauran masu laifi shi ne, da annabi Natan ya fuskance shi bai yi gardama ba, ya tuba. Wannan tsabta kyautar Allah ce ta wurin jinin Yesu, kamar yadda 1 Yahaya 1:7-9 ta koya mana, kuma ana riƙe ta da furta zunubi kowace rana. Matiyu 5:8 ta yi wa masu irin wannan zuciya alkawarin ganin Allah. Wanda yake ganin Allah ne zai iya nuna wa wani hanyar zuwa wurinsa.

2. BAYI BIYU A LABARI GUDA

A 2 Sarakuna sura 5 mukan mai da hankali ga Na'aman, shugaban sojojin Suriya, kuturun da ya yi nutso sau bakwai a Kogin Urdun ya warke. Yau ina so mu dubi mutum biyu da ke gefen labarin.

Ta farko yarinya ce ƙarama, ko sunanta ba a rubuta ba. Maharan Suriya ne suka sato ta daga ƙasar Isra'ila, ta zama baiwar matar Na'aman. Mu a Jihar Kebbi ba sai an fassara mana wannan ba. Mun tuna ranar 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai, 'ya'yan Musulmi da 'ya'yan Kirista, mun kuma ga hawayen iyayensu. Irin wannan yarinya ce. Tana da dalilin da za ta yi murna a ɓoye da ganin kuturta tana cin maigidanta. Maimakon haka sai ta gaya wa uwargijiyarta cewa akwai annabi a Samariya da zai iya warkar da shi. Ba ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba, maganarta kuma ba ta wuce aya guda ba. Amma babban jarumi ya gaskata ta har ya ɗaura tafiya zuwa ƙasar abokan gāba. Me ya sa? Na tabbata sun riga sun ga halinta a gidan, sun san yarinyar ba ta ƙarya.

Na biyu shi ne Gehazi, baran annabi Elisha. Shi kam a gidan annabi yake kwana, ya ga mu'ujizai da idonsa. Da Na'aman ya warke ya kawo kyauta mai yawa, Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala, domin yana so wannan baƙo ya koma ƙasarsu da sanin cewa alherin Allah ba na sayarwa ba ne. Gehazi ya bi shi a guje, ya shirga ƙarya da sunan maigidansa, ya karɓo azurfa da riguna ya ɓoye. Darasin da Elisha ya koya wa Na'aman, Gehazi ya rushe shi a kan hanya. Ƙarshensa kuturtar Na'aman ta koma kansa.

'Yan'uwa, baiwar da ke nesa da haikali ta kawo mutum wurin Allah, ma'aikacin da ke cikin gidan annabi ya zama abin tuntuɓe. Wannan gargaɗi namu ne, mu fastoci da dattawa, kafin ya zama na kowa.

3. ABIN DA MUKA GĀDA

Kyan ɗa ya gaji ubansa. Ya kamata matasanmu su san yadda bishara ta iso wannan ƙasa.

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 mishan ɗin da aka sani da SIM ya sami wurin zama a Patigi. A wajen Zariya kuma Dokta Walter Miller na mishan CMS ya shafe shekaru yana aikin fassara tare da 'yan ƙasa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Sabuwar fassarar da yawancinmu muke riƙe da ita ta fito a 1979.

Amma ƙasashen sarakuna irin su Sakkwato da Gwandu a rufe suke ga masu mishan, domin tun 1903 Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawari ba za su tsoma baki cikin addini ba. Abin da ya buɗe ƙofa ita ce cutar da kowa ke gudu. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa SIM kula da zangon kutare a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. Daga nan aikin ya yaɗu zuwa wasu garuruwa, har nan Kalgo mishan ya zauna. A wancan zamani babu maganin da muke da shi yanzu, wanda ake bayarwa kyauta yana kuma warkar da cutar cikin wata shida zuwa shekara guda. Ma'aikatan, Turawa da 'yan ƙasa, suna wanke gyambo da hannunsu, suna zama a tabarma ɗaya da mutumin da danginsa suka ware masa ƙwaryarsa. Da yawa daga cikin masu bi na farko a arewa maso yammacin ƙasar nan daga irin waɗannan wurare suka fito, waɗansunsu kuma suka zama masu bishara. Ba su kasance marasa kuskure ba, su ma mutane ne. Amma gani ya kori ji, jama'a sun ga ƙauna kafin su ji wa'azi.

A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma mishan ya miƙa ragamar aikin ga 'yan ƙasa. Iyayen da suka fara taruwa a nan shekara hamsin da suka wuce a wannan zamani suka yi aikinsu: ma'aikatan gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa da manoma. Lokacin muna cikin tsohuwar jiha, ba a ƙirƙiro Jihar Kebbi ba sai 27 ga Agusta, 1991. Ba su da ginin da muke ciki yau, ba su da lasifika. Abin da suke da shi suna ne mai kyau a gari.

Mu kuma san ƙasar da Allah ya ajiye mu. Gwandu gari ne mai tarihi, nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya zauna yana riƙe da yammacin daular, nan kuma hubbarensa yake. Tarihi ya nuna cewa akwai lokacin da ransa ya ɓaci ƙwarai da ganin yadda son duniya da neman mulki suka shiga zukatan waɗansu mutanensu, har ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar, mutanen Kano suka tsai da shi. Na kawo wannan don mu gane cewa maƙwabtanmu jikokin malamai ne. Sun san bambancin mai tsoron Allah da mai riya, kuma da wannan ma'auni suke auna mu.

4. ABUBUWAN DA KE ƁATA MOƊA

(a) Kwaɗayi da rashin gaskiya. Bari in ba ku labarin kaina. Ina saurayi, ban daɗe da fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, aka tura ni wani ƙauye a bakin fadama. Akwai wani dattijo mai sayar da shinkafa da nakan zauna a rumfarsa ranar kasuwa. Wata rana na ga dama ta samu, na fara yi masa zancen Yesu. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, maganarka da daɗi. Amma mutuminku da ke tsayawa gaba yana ba da waƙa, buhu biyu nag ba shi bashi tun bara, in ya hange ni sai ya sauya hanya. Ku fara biyana, sa'an nan mu yi zancen Annabi Isa." Kunya ta rufe ni, na rasa abin faɗi. Na koma na sami ɗan'uwan nan, muka yi magana mai zafi, daga baya dattawa suka sa baki aka biya bashin a hankali. Dattijon nan bai zama mai bi ba har na bar garin. Amma daga ranar da aka gama biyansa, shi da kansa yakan aiko a kira ni in yaronsa ba shi da lafiya, in yi addu'a. Darasin da na koya a rumfar nan ban same shi a aji ba.

Mudun da aka danna wa gindi, takardar aiki da aka sa hannu ba a je aikin ba, kuɗin baiko da aka karkatar, duk wa'azi ne, kuma jama'a suna ji.

(b) Girman kai. Akwai mai fita bishara don ya ci gardama. Ya haddace ayoyin da zai ƙure mutum da su, in ya dawo yana ba da labarin yadda ya rufe wa wane baki. Ka rufe masa baki, ka kuma rufe masa kunne. Ba mu fi kowa ba, alheri ne ya same mu. Har kalmomin da muke kiran mutane da su sai mu kula. Mun san zafin da muke ji in an kira mu arna ko kafirai, don haka kada irin wannan reni ya fito daga bakinmu zuwa ga wani.

(c) Ɗacin rai. Wannan shi ne mafi wuya, ba kuwa zan yi kamar ban san inda yake mana ciwo ba. Mun san wahalar samun filin gina majami'a. Mun san yaranmu da suka cancanci gurbi ko aiki aka tsallake su. Ba mu manta da ranar 12 ga Mayu, 2022 ba, da aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato. Kisan nan mugunta ne, neman adalci a kansa kuma ba zunubi ba ne. Tsarin mulkin 1999, sashe na 38, ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin bin addininsa, da sauya shi, da yaɗa shi, kuma daidai ne shugabanninmu su tsaya a kan wannan ta hanyar doka.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan muka bar ɓacin rai ya zama ƙiyayya ga dukan jama'a, Shaiɗan ya ci mu sau biyu. Annabi Yunusa ya yi wa Nineba wa'azi, birnin duka ya tuba, shi kuwa ya fita bayan gari yana fushi domin Allah bai hallaka su ba. Akwai Yunusa a cikin zukatan da yawa daga cikinmu. Mu tambayi kanmu da gaskiya: in Allah ya ceci wanda ya zalunce ni, ya zaunar da shi kusa da ni a wannan benci, zan yi murna? Mu kuma tuna cewa a watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar cikin Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, wani limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Duk wanda ya ce su duka ɗaya ne, bai faɗi gaskiya ba.

(d) Zunubin ɓoye. Garuruwanmu ƙanana ne, babu abin da ke ɓoyuwa. Mutumin da ke dūkan matarsa da dare, katanga ba ta hana maƙwabta ji. Wanda ke neman matan mutane ko yake sha a ɓoye, yaran unguwa sun sani kafin fasto ya sani. Rigingimun kabilanci da na neman kujera a cikin ikilisiya ma sukan kai kasuwa kafin a tashi daga taron. Yesu ya ce da ƙaunar da muke yi wa juna ne duniya za ta gane mu almajiransa ne (Yahaya 13:35).

5. YADDA ZA MU BA DA SHAIDA

Kada wani ya ji wannan duka ya ce, to, bari in yi shiru halina ya yi magana. Hali shi ke buɗe ƙofa, amma dole a shiga da magana. Da yarinyar nan ta yi aikinta da aminci ta kame bakinta, da Na'aman ya mutu kuturu. Romawa sura 10 ta tambaya yadda mutane za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba. Muna da umarni a Matiyu 28:18-20, kuma ba a cire Kalgo da Gwandu daga cikinsa ba. Ga shawarata:

Na ɗaya, addu'a da suna. Kowane mai bi ya zaɓi mutum biyu ko uku da ya sani, ya riƙa ambatonsu gaban Allah kowace rana. Yana da wuya ka ƙi mutumin da kake yi wa addu'a.

Na biyu, zumunci na gaskiya. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A yi gaisuwa, a je barka, a je ta'aziyya, a duba mara lafiya, a taya maƙwabci aikin gayya in ruwa ya ci masa gona. Amma kada zumuncin ya zama tarko. In ya ƙi saƙonka, har yanzu maƙwabcinka ne, ka ci gaba da yi masa alheri.

Na uku, a san abin da aka gaskata. Za a tambaye ku ko alloli uku muke bauta wa, za a tambaye ku me muke nufi da Ɗan Allah, da dalilin mutuwar Almasihu. Mai bi ya iya bayyana cewa Allah ɗaya ne, cewa ba haihuwa irin ta jiki muke nufi ba, ya kuma faɗi abin da Yesu ya yi masa shi da kansa. In ba ka san amsa ba, ka ce za ka tambayo. 1 Bitrus 3:15-16 ta haɗa abu uku: zama a shirye da amsa, ba da ita da tawali'u da ladabi, da riƙe lamiri mai tsabta.

Na huɗu, a kiyaye harshe. Magana zarar bunu ce. Aikinmu ɗaukaka Yesu ne, ba a aiko mu zagin addinin kowa ko abin da yake girmamawa ba. Matasa, wannan ya haɗa da abin da kuke rubutawa da turawa a WhatsApp da Facebook. Kolosiyawa 4:6 ta ce maganarmu ta zama mai alheri, kamar abincin da gishiri ya ji.

Na biyar, kada a sayi kowa, kada a ruɗi kowa. Taimako taimako ne, ba a ɗaura masa sharaɗi. Wanda ya zo don shinkafa zai tafi ranar da buhu ya ƙare. A kuma yi hankali ƙwarai da yara ƙanana, kada a yi wani abu da su a bayan idon iyayensu.

Na shida, a riƙe wanda ya zo. A ƙasarmu mutumin da ya karɓi Yesu yakan rasa gida, ko mata, ko gādo. Idan mun kira shi ya zo, sa'an nan muka bar shi a bakin ƙofa muna zarginsa da leƙen asiri, alhakinsa yana wuyanmu. Ikilisiya ta zama danginsa, ta koya masa Maganar Allah da sana'ar da zai ci abinci.

Na bakwai, kada mu manta da na cikin gida da na nesa. Akwai 'ya'yanmu da aka haifa cikin ikilisiya, suna da sunan Kirista, amma ba su taɓa tuba ba. Akwai kuma ƙauyuka da rugage inda masu bisharanmu ke zaune da iyalansu cikin rashi da haɗari. Kuɗin da muka kashe a kan anko da abincin wannan biki, mu kwatanta shi da abin da muka aika musu bana, kowa ya ba kansa amsa.

KAMMALAWA

Dukanmu mun san itacen kalgo. Ba shi da tsayin rimi, ba a sassaƙa turmi da shi, amma in manomi zai ɗaure dami, ɓawonsa yake nema, domin igiyarsa ba ta cin amana. Mu a nan ba mu da yawa, ba mu da ƙarfi a idon duniya. In Allah ya same mu da aminci, zai ɗaure girbinsa da mu.

Yawancin waɗanda suka fara wannan ikilisiya sun tafi wurin Ubangiji. Mu da muke da furfura yau ba za mu ga bikin shekara ɗari ba, yaran da ke zaune a gaba ne za su gani, in Ubangiji bai dawo ba. Abin da za mu bar musu ya fi gini. Saboda haka ina roƙon kowa, kafin mu zauna cin abincin biki, ya yi shiru gaban Allah. Mai bashi ya ƙudura biya. Wanda ke gāba da ɗan'uwansa ya neme shi yau, tun da Allah ya tara mu wuri ɗaya. Wanda ke ɗauke da ƙiyayya ya sauke ta a gindin gicciye. In kuwa akwai wanda ke nan bai taɓa ba da zuciyarsa ga Yesu ba, fastoci suna nan bayan sujada, ƙofa a buɗe take.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka saboda shekara hamsin na alherinka a wannan wuri. Mun gode saboda bayinka da suka riga mu. Ka gafarta mana inda halinmu ya sa aka rena sunanka. Ka wanke mu da jinin Ɗanka, ka cika mu da Ruhunka Mai Tsarki, ka ba mu ƙaunar maƙwabtanmu da ƙarfin halin faɗa musu gaskiya cikin ladabi. Ka albarkaci Kalgo da Gwandu da dukan Jihar Kebbi, ka ba sarakunanmu da masu mulkinmu hikima, ka kawo mana zaman lafiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.